Gidan da Wani Ya Riga Ni Tayawa

Shekarar da gwiwoyin Inna suka ƙi, muna haya ne a saman bene a Badawa. Ni na zaɓi gidan tun farko, kuma ni na yi ta yabon iskarsa ga duk wanda ya zo mana barka da tarewa. A lokacin Inna, mahaifiyata, tana ƙauye da awakinta da sana'arta ta man gyaɗa, ba wanda ya kawo a ransa cewa wata rana za ta dawo hannuna. Da autarmu ta yi aure, gida ya rage daga ita sai bango, muka yi ta lallashinta har ta yarda ta taho birni. Da ƙafarta ta hau benen nan, tana hutawa tana mita. Watannin farko takan sauko ta leƙa maƙwabta, ta sayo goronta da kanta. Daga baya saukowar ta koma sai ranar asibiti. Daga nan sai ta daina gaba ɗaya.

Wanda bai san ta ba zai ce ai ba wani abu ba ne, tsohuwa ta samu ɗaki da fanka da mai kawo mata abinci. Amma matar da ta yi rayuwarta kaf a tsakar gida, yau duniyarta ta koma taga ɗaya mai kallon tankin ruwan maƙwabci. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana; "kai" ne sunana a bakinta. In na dawo daga shago sai ta ce, "Kai, yau da mutane a gari kuwa?" kamar wadda ke tambayar labarin wata ƙasa.

Na ce a samo samari su riƙa sauko da ita a kujera. Ta ce ita ba buhun masara ba ce da ƙarti za su riƙa cicciɓa. Likita kuwa ya gaya mini ba tare da ɓoye-ɓoye ba: in ba ta samu wuri shimfiɗaɗɗe tana ɗan takawa kullum ba, ƙafafun za su kwanta, kuma in sun kwanta ba sa tashi. Tun daga ranar na san abin da ke gabana. Ko dai in sauko da Inna ƙasa tun tana iya tafiya, ko in zuba ido ta zama ta gado a hannuna.

Na san za a ce me ya hana ni kama hayar gidan ƙasa. Na nema. Masu gidaje kuɗin shekara biyu suke so a dunƙule, in kuwa na bayar, ɗan abin da na daɗe ina tarawa don sayen nawa ya tafi ke nan. Ni ba attajiri ba ne. Abincin kaji da magungunansu nake sayarwa, ina da 'yar gonar kajin ƙwai a bayan gari, sai wani fili a Kawaji da na saya tun ina saurayi. Na gaji da ɗora katifa a kan motar haya ina bin unguwanni. Na ce wannan karon in na sauke kaya, na sauke ke nan.

Dillalin da na samu mutum ne mai baki kamar rediyo, hularsa kullum a karkace, kuma a wurinsa babu gidan da ba "na manya" ba. Ya kai ni gidan da tsakar gidansa bai fi tabarma biyu ba, ya ce iska ce ke da shi. Ya kai ni wanda ke bakin kwalbati, ya ce ruwa ba ya kwana. Sau biyu ina barin shi a tsaye yana magana in ja motata. Ina da saurin fushi, wannan kowa ya shaida, har shi ma ya gane in na fara kaɗa makullin mota to ya taƙaita.

Bayan Ƙaramar Sallah, ana tsakiyar zafi, ya kira ni ya ce in same shi a Nassarawa GRA. Na yi dariya na ce ko ya manta da wanda yake magana. Ya ce ni dai in zo.

Duk wanda ya san unguwar ya san yadda manyan gidajen da suka koma. An yayyanka su, an tsayar da benaye masu gilashi inda da itatuwa ne. Wannan ma haka ne. Mai shi wani dattijo ne da ya yi aikin gwamnati ya ajiye tun da daɗewa, ya sayar da gaban filin kashi-kashi, abin da ya rage sai tsohon gidan kansa a can ƙurya, ana shiga ta wani siririn lungu. Gida ne na ƙasa, mai kaurin bango da faffaɗar baranda. Tsakar gidan jar ƙasa ce, ba a shafe ta da siminti ba, da bishiyar mangwaro guda a tsakiya, 'ya'yanta sun zubo suna ta ƙamshi. Daga ƙofa har ɗakin kwana babu abin da ƙafa za ta hau sai ɗan tudun baranda da bai kai tafin hannu ba. Ina tsaye a wurin na ji zuciyata ta kwanta, abin da na daɗe ban ji ba. Dattijon zai koma garinsu ne ya ƙarasa kwanakinsa cikin dangi, kuma da yake gidan na lungu ne, tsoho kuma, kuɗinsa bai fi ƙarfina da nisa ba.

Sai da muka fito dillali ya sosa ƙeya.

"Alhaji, sai dai akwai wani ɗan abu. Wani ya taya."

"An sallama masa?"

"Ba a sallama ba, ba a kuma ce albarka ba. Wani Malam ne a Kaura Goje, ya yi ritaya, yana jiran kuɗinsa na barin aiki. Sun daidaita a baki, mai gida ya ba shi zuwa bayan Babbar Sallah. Amma ni da kai mun san kuɗin nan ba yau ba, ba gobe ba. Ka ɗora ɗan wani abu a kan nasa, ni kuma in shigar da maganar ta hannun babban ɗan mai gidan. Kafin sati ka karɓi makulli."

Ban ga wani aibu a maganar ba. A sana'ata kullum ana ƙwace wa juna mai saye, wani lokacin ma a ƙofar shagonka, a kuma haɗu a sahu ɗaya a yi sallah. Na ce masa ya bari in kwana da shawara, alhali a raina na riga na gama.

Na hau benen nan da gudu kamar yaro. Na tarar da Inna da maiɗakina, na zauna na kwashe musu komai: baranda, jar ƙasa, mangwaro. Na ga idon Inna ya yi haske. Daɗin labari ya ja ni har na faɗi maganar Malamin, ina dariya, ina cewa wai mai jiran kuɗin ritaya ne zai sayi gida a GRA.

Inna ta ajiye goron da ke hannunta.

"Ya janye?"

"Bai janye ba, Inna, amma ba shi da kuɗin."

"Kai ka laluba aljihunsa?"



"Ba a ciniki a kan cinikin wani," in ji ta. "Ko akuya ce a kasuwa, in mutum biyu suna magana a kanta, na uku bakinsa yake kamawa har sai an watse. Balle gida, inda za a kwana a tashi, a yi sallah a ciki. Ba za ka tsallake bawan Allah ka kai ni can ba. In ka saya, ku zauna kai da matarka, ni ina nan."

"Inna, saboda ke fa nake yi!"

"Shi ya sa nake gaya maka. In kana so, je ka same shi ka tambaye shi. In ya ce ya janye, da bakinsa, shi ke nan."

Na fita raina a ɓace. Washegari bayan sallar azahar na tare limamin masallacinmu, na tsara masa tambayar yadda za ta fito mini da sauƙi: an ce ba a sallama ba, mai tayin ba shi da hali, ga kuma lalurar tsohuwa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce tunda sun daidaita a kan kuɗi an kuma sa lokaci, to shiga tsakaninsu bai halatta ba sai da izinin na farkon. Na je neman ƙofa, ya rufe mini har da taga.

Haka na nemi kwatancen gidan Malam na tafi Kaura Goje bayan la'asar. Gidan gado ne, irin wanda kowane ɗan'uwa ya ja ɗakinsa a ciki, yara ko'ina, igiyar shanya ta ratsa ta kan wata. Aka yi mini sallama da shi, ya fito soro. Siririn dattijo ne, kaftaninsa fari ya sha guga duk da ya ga shekaru, magana a hankali kamar mai koyar da ƙananan yara. Ashe aikin da ya yi ke nan kafin a mai da shi ofis. Ya shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ni ban san ta inda zan fara ba. Daga ƙarshe na faɗa kai tsaye: na ga gidan, ina so, an ce ya riga ni, na zo in ji ko yana nan a kan maganarsa.

Ya daɗe yana kallona.

"Ka san kai ne na farko da ya tako ya tambaye ni?" in ji shi. "Ina jin labarin masu zuwa. Duk ta bayana suke bi."

Na ga dama ta samu, sai na kawo maganar Inna. Na faɗi gwiwa, na faɗi bene, na faɗi abin da likita ya ce. Gaskiya na faɗa, amma da niyya na faɗa, so nake tausayi ya kama shi ya sakar mini.

"Allah ya ba ta lafiya," ya ce. "Wallahi na ji maka. Amma ba zan yi maka ƙarya in ce na janye ba alhali raina na kai. Matata tun tana amarya take cikin ɗaki da rumfa a gidan nan. A nan ta haihu, a nan ta aurar. Na yi mata alkawarin in na ajiye aiki za ta samu tsakar gidan da ba sai ta jira wata ta kwashe shanya ba. An ce mana kafin Sallah za a biya. Ka ba ni zuwa lokacin. In ban samu ba, ba sai ka zo ba, ni zan zo in gaya maka."

Me zan ce? Na ce Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, na tashi. A mota na bugi sitiyari har hannuna ya yi zafi. Na ji haushinsa, kuma abin da ya ƙara mini haushin shi ne ban samu laifin da zan ɗora masa ba.

Damina ta sauka muna jira. Dillali ya mai da wayata gidansa. Yau ya ce wani mai gina benayen haya ya ɗora a kan tayin Malam, gobe ya ce wani ya ɗora a kan na wancan. "Alhaji, kana nan kana ladabi za a rushe gidan nan a gabanka. Wannan zamanin wa ke zuwa neman izini?" Na ci gaba da duba wasu gidajen, amma duk wanda na shiga sai in tarar ina auna shi da wancan. Sau da yawa in na taso daga shago sai in ga na bi ta GRA ba tare da wani dalili ba, in rage gudu a bakin lungun, in wuce.

Inna kuwa ƙafa sai ƙara nauyi take. Ta fara dafa bango in za ta banɗaki. Ta koma sallah a zaune. Maiɗakina takan riƙe ta su zaga falo da safe, daga kujera zuwa ƙofa su dawo, to amma falon haya nawa yake?

A cikin wannan jiran na gano wani abu da ya hana ni sakewa. Duk lokacin da na ɗaga hannu na ce Allah ya mallaka mini gidan nan, abin da nake roƙo a zahiri shi ne kada a biya wani tsoho haƙƙinsa na shekara da shekaru. Babu yadda zan juya addu'ar ba ta faɗa kansa ba. Da ban je Kaura Goje ba da ba ruwana, da shi suna ne kawai a bakin dillali. Amma na zauna a tabarmarsa, na sha ruwan gidansa, na ga igiyoyin shanyar nan. Sai na rasa yadda zan yi roƙon. Kwana da kwanaki in na kai wurin sai in tsallake, kamar mai kauce wa rami a hanya. Daga baya na koma cewa Allah ya ba Inna inda za ta taka, ya ba Malam inda zai kai iyalinsa, na bar masa sauran lissafin.

Ana saura 'yan kwanaki Sallah aka bugo da safe cewa ƙanwar Inna ta rasu a ƙauye. Su biyu suka rage a ɗakinsu. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba. Ta sa aka ɗauko mata mayafi, ta dafa bango har bakin matattakala, ta tsaya tana kallon ƙasa. Ta miƙa ƙafa ɗaya, gwiwar ta ƙi ɗaukarta, ta zauna a wurin. Na durƙusa na ce ta hau bayana, ni zan sauke ta, babu wani ƙato, ni ne. Ta kawar da kai.

"Kai za ka goya ni? Tashi ka tafi, kada a rufe ta babu kowa nawa."

Na tafi ni kaɗai. Ita kuwa a saman bene ta karɓi gaisuwa, daga waɗanda ƙafarsu ta iya hawa.

Da na dawo ban iya riƙe bakina ba. Na ce mata da ta bar ni na sayi gidan nan tun farko, da yanzu mota ce kawai za ta tsaya a ƙofar ɗakinta, da ta je ta ga 'yar'uwarta. Na faɗa da ƙarfi, har maiɗakina ta fito daga kicin tana yi mini alama da ido. Inna ta bari sai da na gama.

"Da na je," ta ce. "Da kuma na dawo na kwanta da haƙƙin wani a ƙarƙashin kaina. Ita ta riga ta tafi, addu'a daga nan ma tana isa."

Ban yarda da ita ba a ranar. In gaskiya ake so, har yau in na tuna ta zaune a bakin matattakalar nan da mayafi a kafaɗa, ban san ko na yarda ba. Abin da na sani shi ne ita ce ta biya kuɗin wannan jiran, ba ni ba, kuma ba ta taɓa neman ragi ba.

Aka yi Sallah, aka ci nama, gari ya koma aiki. Wata safiya ina shago ana sauke buhunan dusa, sai ga Malam a ƙofa, cikin babbar riga, yana kare hanci daga ƙura da gefen hannunta. Ban san wane labari ya kawo ba. Na share masa benci ya zauna.

"Na zo cika alkawari," ya ce. "Ba a biya ba. An ce sai an sake tantance mu, wataƙila baɗi. Na janye."

Na yi zaton zan ji daɗi. Abin da na ji kunya ce, kamar an kama ni ina leƙen tukunyar wani. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba kai ka hana ba. Tashi mu je in faɗa a gaban mai gida, kada gobe a ce an ce."

Muka tarar da dattijon a baranda, a kujerar kaba, rediyo a cinya. Babban ɗansa na nan, da waya biyu a hannu. Ba mu gama gaisawa ba sai ga dillali ya faɗo a kan babur yana haki. Yadda aka yi ya ji, har yau ban sani ba, amma dillali ba ya kuskuren ranar la'ada.

Malam ya gyara zama ya ce, "Alhaji, na gode da jiran da ka yi mini. Allah bai nufa ba. Na janye tayina, a gaban shaidu. Wannan bawan Allah kuwa tun kafin damina ya zo har gida ya tambaye ni, na ce ya jira, ya jira. Iyakar abin da na sani ke nan game da shi."

Dattijon ya kashe rediyo ya dube ni ta saman tabarau.

"To, ga gida. Taya."

Na faɗi daidai abin da Malam ya taya.

"Albarka," ya ce, ko ƙiftawa bai yi ba.

Wanda ya zaci don na yi ladabi za a ba ni gida a araha bai san tsofaffin ma'aikata ba. Ya ce wancan farashin na watannin baya ne, siminti ma ya tashi balle ƙasa. Na ƙara. Ya ce albarka. Ɗansa ya matso ya ce, "Baba, kada a manta akwai masu magana a ƙasa, kuma tasu ta fi wannan nesa ba kusa ba."

"Na san da su," in ji tsohon. "Sun zo ne ina da maganar wani a bakina, suna so in tofar. Ba da su nake ba yanzu." Ya juyo gare ni. "Rushewa za ka yi?"

"Zama zan yi, Alhaji. Tsohuwa gare ni, ba ta iya hawa bene."

"Kowa haka yake cewa," in ji shi. "Ƙara dai."

Na yi lissafi a kaina. Filin Kawaji ya riga ya tafi a lissafin, abin da na tara ya tafi. Na ɗora motar da muka zo a cikinta, na ɗora rabin kajin gona. Na faɗi abin da ya kama, na kuma ce masa, "Alhaji, wannan shi ne ƙarshena. In ka ce albarka, zan yi maka godiya in tafi, ba ni da abin ƙarawa." Dillali ya taka mini ƙafa, wai ba a nuna wa mai kaya ƙasan aljihu. Na janye ƙafata. Na gaji da dabara.

Tsohon ya daɗe yana kallon tsakar gidansa. Ɗan ya buɗe baki, ya ɗaga masa yatsa. Sannan ya miƙo mini hannu, busasshe, mai sanyi.

"Na sallama. Allah ya sanya albarka."

Ya ce Malam ya yi mana addu'a, tunda shi ne malami a cikinmu. Na so a ce wani aka sa. Malam ya ɗaga hannu ya roƙa wa mai sayarwa, ya roƙa wa mai saye, ya roƙa wa gidan zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Muryarsa ba ta yi rawa ba sai da ya zo kan "Allah ya sa a shiga a sa'a". Nan ya ɗan tsaya, sannan ya ƙarasa. Muka shafa.

A hanyar mai da Malam gida ya yi ta ba ni bayanin gidan, kamar mai miƙa aiki ga wanda ya gaje shi. Ya ce ruwa na taruwa ta bayan kicin in an yi mai ƙarfi, in sa a fasa masa hanya. Ya ce rufin baranda na yoyo ta kusurwa ɗaya. Ashe duk watannin nan yana zuwa yana zagaya shi. Da muka kusa ya ce, "Ɗakin gabas za ka ba Hajiya. Rana ba ta dukansa da yamma, kuma ƙofarsa ta fi kusa da tsakar gida. Shi na zaɓar wa matata."

Da na gaya wa Inna, tambaya ɗaya ta yi: "Da bakinsa ya faɗa?" Na ce da bakinsa, a gaban mutane. Ta ce, "Alhamdu lillahi," sannan ta ja mayafi ta rufe fuska, maiɗakina ta yafito ni muka ba ta wuri.

Sauran aikin na lauya ne da takardu, ya ci makonni, ya kuma ci ɗan haƙurin da ya rage mini. Aka biya, aka ba dillali la'adarsa, ya karɓa yana tuna mini cewa da na bi tasa da tuni na tare, kuma da kuɗin bai kai haka ba. Wataƙila gaskiyarsa ce. Wataƙila kuma da tsohon ya sa ni cikin waɗanda ya ce ba da su yake ba. Babu wanda zai iya gaya mini.

Ranar tashi, bayan an gama kwashe kaya, Inna ta ce kowane namiji ya fita, har ni. Na tsaya a ƙasa bakin ƙofa na juya baya. A zaune ta sauko, tana jan jiki daga wannan matakala zuwa waccan, maiɗakina na gabanta tana riƙe mata ƙafa. Ina jin numfashinta, ina jin tana kiran sunan Allah a kowace ɗaya. Ban taɓa sanin benen nan na da tsawo haka ba. Da ta iso ta dafa kafaɗar maiɗakina ta miƙe, gumi ya jiƙa mata ɗankwali, ta ce, "To, mu je."

A motar aro na kai ta. A bakin ƙofar sabon gidan ta saki kafaɗar da take dafe, ta taka da kanta, a hankali, tana tsayawa, har gindin mangwaro. Ƙafar ba ta dawo yadda take da ba, ba kuma za ta dawo ba. Amma ta taka, kuma tun daga ranar kullum sai ta taka.

Ba mu yi sati da tarewa ba ta ce in kai ta Kaura Goje. Na ce ta bari ta huta, ta ce ta huta a bene ya ishe ta. Ta sa aka ƙulla mata man gyaɗa da goro. Fitarta ta farko ke nan cikin gari tun da ƙafa ta tsare ta. Aka shiga da ita wurin matar Malam, ni da shi muka zauna a soro. Muka yi maganar damina, muka yi ta tsadar masara, muna jiyo muryoyin tsofaffin biyu daga ciki, ƙasa-ƙasa, kamar sun daɗe da sanin juna. Babu wanda ya ambaci gidan a cikinmu sai da aka ce Inna ta fito. Muna miƙewa ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ɗakin gabas ɗin ka ba ta?"

Na ce, "Shi na ba ta, Malam."

"Madalla," in ji shi. Ya sunkuya yana naɗe tabarma, ya daɗe yana naɗewa.